Idon Dama na Sanobar

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan su Sanobar a Margilan, kuma katangar ba ta kai kafaɗata ba. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Ni Munawwar ce, mai samsa a bakin kasuwa, wato burodi mai nama a ciki da ake gasawa a tanderu, ni ke riƙe da adashin matan layinmu.

Sanobar ta shigo gidan tana amarya 'yar shekara ashirin, matar Ergash, autan gidan. Auta shi ke zama da tsofaffi, gida nasa ne, tsufansu ma nasa ne, wato na matarsa. Ta zo da sana'ar uwarta, ɗinkin hula. Baƙar hula da farin zare, ɗinki siriri kamar da alƙalami aka zana shi. Mai sarin huluna ba ya duba nata, ƙirgawa kawai yake yi ya biya. Da allurar nan ta aurar da 'yarta zuwa Andijon, da ita ta sauya rufin ɗakin girki. Ergash kuwa ya daɗe yana aikin gini a Rasha, daga baya ɗansu ma ya bi shi. Gidan ya rage daga ita sai surukarta, Aya Hurinisa.

Shekara huɗu ke nan da Aya ta faɗi a gaban tanderu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta koma kalma ɗaya ɗaya. Aya mace ce mai jiki, Sanobar kuwa ko rigar 'yar sakandare za ta shige ta. Wata rana da ban fita kasuwa ba na zauna ina gyaran albasa a tsakar gida, ina jin nishinta ta katanga duk sanda ta ciccibi tsohuwar. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa bokiti, a juya ta hagu, a juya ta dama. Sau goma sha huɗu kafin la'asar. A shekara huɗun nan ko ƙurji ɗaya bai fito a bayan Aya ba, duk layin an san da haka, ana kuma yaba mata. Yabo kam ta sha shi.

Ana kuma zuwa dubiya, ba laifi. 'Ya'yan Aya mata biyu, Mastura babba da Zebo mai bi mata, ba sa fashin Lahadi. Su zo da gurasa biyu da inabi, su shiga su riƙe hannun uwarsu, su yi hawaye, su fito su haye gadon katako da ke ƙarƙashin rumfar inabi. Daga nan su baƙi ne. Sanobar ta yi shimfiɗa, ta jera gyaɗa da alewa, ta kawo shayi, ta ɗora palof, dafa-dukan shinkafa da nama da karas. Wata Lahadin su zo da jikoki, wata da ƙawaye. Na taɓa ƙirga takalma goma sha ɗaya a ƙofar ɗakin. Duk sun zo taya ta, kuma duk ita ta ciyar da su, ta wanke kwanukansu, a tsakani tana gudu ɗaki in Aya ta kira.

A bazarar bana ne mai sarin huluna ya dawo mata da guda shida. Na same ta tana jujjuya su a rana, ta kawo su dab da hancinta. Opa take kirana, wato yaya.

"Wai ɗinkin ya karkace. Munawwar opa, duba mini, ya karkace?"

Ya karkace. Ko daga bakin ƙofa na gani.

Ban tsaya dogon zance ba. Washegari na zaunar da matar ɗana a wurin Aya, na tura Sanobar cikin tasi muka nufi asibitin ido a Fargona. Likitar mace ce marar yawan magana. Ta rufe mata idon dama, ta ɗaga yatsu ta ce nawa ne.

Sanobar ta yi 'yar dariya ta ce, "Ina hannun yake tukuna?"

Ba wanda ya taya ta dariyar. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama yana bin sahu, amma in an yi aiki cikin watan nan za a iya tsayar da abin da ya rage. Likitar ta sa rana, Talata ta sama. Sai ta ƙara da abin da ya fi aikin nauyi: bayan an yi, sati shida ba ɗaga kaya, ba sunkuyo, ba hayaƙin tanderu.

"Kaya kamar me?" in ji Sanobar.

"Kamar bokitin ruwa."

"Mutum fa?"

Likitar ta ajiye bironta ta dube ta. "In kin ɗaga mutum, kin ɗaga idonki kin yar."

Muka dawo muka tarar Aya ba ta ci komai ba, ba ta yarda an taɓa ta ba, ta matse fitsari tun safe har tana rawar jiki. Tana ganin Sanobar ta fashe da kuka: "Kelin. Kelin." Sunan da take kiranta ke nan tun ranar da aka kawo ta, matar ɗa, kuma yana cikin kalmomi ƙalilan da cutar ta bar mata.

Da ta gama gyara ta, Sanobar ta ja ni ɗakin girki, ta kama hannuna ta ɗora a kan gurasa.

"Rantse ba za ki faɗa wa su Mastura opa ba."

"Kin haukace? Uwarsu ce!"

"Ai shi ya sa. Za a ce kelin ta gaji da tsohuwa ta ƙirƙiro ciwo. Ergash ya ji, ya baro aiki ya taho, mu ci me? Rantse."

Na rantse, raina bai so ba. Na ce a zuciyata bari in fara da abin da hannuna zai iya. Kuɗin aikin miliyan bakwai ne na som, kuɗin ƙasarmu. Fanshon Aya kuwa magani da famfas na manya ke cinye shi tun kafin wata ya raba biyu, hular da ke cike giɓin ga ta an dawo da ita. Kwasar adashin watan ta wata ce mai son sayen darduma. Na je gidanta na zauna, ban tashi ba sai da ta yarda dardumar ta jira. Miliyan shida ke nan. Ragowar na cika. Na je ofishin unguwa ma neman taimako. Mutumin ya saurare ni da mutunci, ya ce Aya tana da 'ya'ya a raye, ba ta cikin waɗanda ba su da kowa. Na ce ba Aya nake nema wa ba, mai ɗaukar Aya nake nema wa. Ya buɗe mini tafin hannuwansa kawai.

Kuɗi dai sun haɗu. Na kai mata a ƙulle cikin ɗankwali, ta ƙi ko kwancewa.

"Ki mayar wa mai darduma abinta. Sati shida, opa. Wa zai ɗaga ta sati shida? Yini ɗaya kin ga yadda ta yi."

"In kin makance wa zai ɗaga ta?"

"Na san ɗakin nan da ƙafata. Ba sai da ido ba."

Ranar Asabar ke nan. Saura Lahadi, Litinin, sai Talata.

Lahadin kuma ba irin ta kullum ba ce. Mastura ta aiko cewa za ta zo da babbar baƙuwa, uwar yarinyar da ɗanta yake nema, za ta gaida Aya ta ga dangi. Na tsallaka tun da safe ina yanka wa Sanobar karas. Mastura ta iso da zobba a yatsu huɗu da kwali a hannu. Ni da ita aji ɗaya muka yi, ba ma raga wa juna.

"A'a, mai samsa, yau kasuwar ta ƙone ne?"

"Na zo ganin zobba ne, an ce da an tashi daga nan za a mayar wa mai su."

"Bakinki dai. Kelin, ungo, sababbin kofuna ne, da su za ki ba baƙuwa shayi. Waɗancan naku duk sun yi baki."

Kofunan farare ne tas, ƙanana, ba su kai girman na gidan ba. Na ga Sanobar ta shafa bakin ɗaya da yatsa, ban kawo komai a raina ba.

Aka zauna a ƙarƙashin rumfar, inuwar ganye ta rarrabe a kan shimfiɗa. Baƙuwar ta zauna a sama, mace mai nutsuwa da farin mayafi, Mastura a damanta, Zebo a hagu. Sanobar ta durƙusa a ƙasa da butar shayi. Ko yarinya 'yar shekara bakwai ta san ba a cika wa baƙo kofi. Ɗan kaɗan ake zubawa, ya sha, a ƙara, ya sha, a ƙara, alamar ana son zamansa. Cikakken kofi sallama ce: sha ka tashi. Sanobar ta shekara ashirin da shida tana zuba shayi a gidan nan, hannunta ya san awon tsofaffin kofunan ko da ido a rufe. Ta karkata butar daidai yadda ta saba. Shayin ya hau har baki, ya yi tozo, ya gangaro kan yatsunta. Ta ɗora hannun hagu a ƙirji, ta miƙa wa baƙuwar da murmushi.

Ina tsaye da farantin tumatir. Ina kallo, ba yadda zan yi.

Baƙuwar ta karɓa. Ta dubi kofin, ta dubi Mastura. Ta kurɓa sau biyu, ta ajiye, ta shafa addu'a, ta ce ta tuna ta bar jika da zazzaɓi. Mastura ta bi ta har titi tana rantsuwa palof ya kusa, matar tana ta godiya tana tafiya.

Sanobar ta koma ɗakin girki ba ta san me ya faru ba. Sai ga Mastura kamar iska, Zebo a bayanta.

"Me na yi miki? Faɗa mini me na yi miki! In kin gaji da mu ki faɗa mana a fuska, ba ki kori surukata a gaban idona ba!"

"Opa, wallahi ban..."

"Har yana zuba! Ko mabaraciyar da ta shigo roƙo ba a yi mata haka. Gidan ubana ne nan, kin ji ko? Gidan ubana!"

Rantsuwar gurasa ta hana ni sa baki. Na riƙe ludayi ina juya abin da ba ya son juyi.

"Ki dube ni in ina magana!"

Sanobar ta ɗago kai ta juya, ta tsayar da fuskarta a kan ƙofa, inda ba kowa. Mastura tana tsaye a hagunta, taku ɗaya.

Zebo ce ta fara gani. Ta ce a hankali, "Opa, tsaya." Ta matsa, ta kaɗa hannu a gefen fuskar Sanobar na hagu, kusa har iskar ta motsa gashinta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Kelin, tun yaushe?"

Sanobar ta zauna a kan buhun shinkafa. Ita da bakinta ta faɗa, duka: likita, Talata, sati shida. Ni kuwa tunda ta buɗe, na ƙarasa abin da ta rage.

Na zaci Mastura za ta rungume ta. Ba ta yi ba. Ta cire zobe ɗaya ta mayar, ta ce, "To me ya sa ba a faɗa ba? Mu dodanni ne?" Jim kaɗan kuma ta ce, "Ni kun san ciwon bayana. Ga hawan jini. Ga bikin nan a gaba." Zebo ta ce ita ma tana da tata surukar a gida, sai ta nemi izni. Suka fara maganar ko a ɗauko mai jinya a biya ta, Zebo ta ce mutane za su ce me, 'ya'ya uku a raye a kawo bare ta ga tsiraicin uwarsu.

Ana cikin haka Aya ta kira daga ɗaki. Sanobar ta miƙe tun kafin kiran ya ƙare. Na riga ta ƙofa na tare.

"Zauna. Mastura, uwarki na son bokiti."

"Ke wace ce a gidan nan?"

"Ni ce mai jin nishi ta katanga. Shiga."

Ta shiga don kada a ce ta kasa. Ta zura hannu ƙarƙashin hammatar Aya, ta ja. Aya ko motsi. Ta sake ja, fuskarta ta yi jawur, tsohuwar ta zame gefe ta yi ƙara. Zebo ta kama ɗaya ɓarin, su biyu da kyar suka zaunar da ita a bakin gado, suna haki, Aya tana dukan hannun Mastura da hannunta mai lafiya tana kiran kelin. Mastura ta tsaya tana kallon tafin hannunta.

"Ita kaɗai take yin wannan?"



Litinin ban kunna tanderu ba. Na bi layin gida gida. Mu mutanen gayya ne, in za a yi rufin ɗaki a taru, in za a yi biki a taru a yanka karas buhu guda, amma ban taɓa jin an yi gayyar jinya ba, kowa da tsohuwarsa a bayan ƙofarsa. Na ce to yau za a fara. Wata ta ce mijinta ba zai so ba, na ce ta bar ni da shi. Wata ta ce ita ƙyanƙyami gare ta, na ce to wanki da girki nata. Kafin azahar na sami mata bakwai, da Mastura da Zebo tara. Bibbiyu za a riƙa zuwa, tunda ba mai iya ɗagawa ita kaɗai. Na kuma kafa sharaɗi ɗaya: duk wadda ta shigo gidan nan ba baƙuwa ba ce, ba mai yi mata shimfiɗa.

Sanobar ta zauna a kan kujera tana koya mana da baki: inda ake sa gwiwa, yadda ake naɗe zanen gado a ja da shi, wane cokali Aya ke so. Aya ta tofar da kunun da Zebo ta ba ta. Ta mintsini matar liman har wurin ya yi shaida. Da aka zo canja mata kaya ta damƙe bargo ta rufe ido tana kuka marar sauti, irin kukan da ya sa duk muka sunkuyar da kai. Sanobar ta tashi sau uku, sau uku ina mayar da ita.

Da yamma ta ce mini, "Kin gani ko? Ba zai yiwu ba."

"Tasi zai zo da safe. Na riga na biya, kuma kin san ni ba na asarar kuɗin mota."

Talata da safe tasi ya tsaya a ƙofa. Sanobar ta fito da 'yar jakarta, ta shiga ɗakin Aya neman albarka, don ba a fita tafiya irin wannan tsohuwa ba ta shafa addu'a ba. Ta durƙusa a gaban gadon ta buɗe tafin hannu. Aya ta dube ta, ta dubi jakar, ta juya fuska bango.

"Aya, kwana uku ne a asibitin, zan dawo."

Direba ya danna hon. Sai wari ya tashi a ɗakin, Aya ta ɓata shimfiɗarta, ko da gangan ko ba da gangan ba, Allah ne ya sani. Ta fara kira, fuskarta na bango: "Kelin. Kelin."

Sanobar ta ajiye jakar. Ta fara naɗe hannun riga.

"Bari in gyara ta kawai, sai mu tafi."

Na san in ta taɓa zanen nan ba inda za mu. Za ta gyara, ta wanke, ta ba ta kunu, rana ta yi, likita ta kira wani. Na buɗe baki, amma Mastura ta riga ni. A gidan ta kwana, ba zobe ko ɗaya a hannunta, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwalin uwarta. Ta kama Sanobar ta kafaɗa, ta juya ta, ta tura ta waje, ta wurgo jakar bayanta.

"Uwata ce. Ni ta haifa, ba ke ba. Ta yi mini kashi a hannu, ai ni ma na yi mata a nata. Je ki."

Ta rufe ƙofar ta sa sakata. Muna jin Aya tana kira, muna jin Mastura tana cewa, "Kira har gobe, Aya, ni ce dai. Ɗaga ƙafar."

Sanobar ta tsaya a tsakar gida hannunta a kan ƙyauren. Na ɗauki jakar na kama gwiwar hannunta. Ba ta zo ba, ba ta kuma ƙwace ba. Hon ya sake tashi. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Opa, ruwan kada ya yi zafi, ki gwada da gwiwar hannu." Sannan ta biyo ni.

An yi aikin. Idon dama ya tsaya inda yake. Tana ganin fuska, tana ganin hanya, tana karanta lambar mota. Siririn ɗinkin nan dai ya wuce, mai sarin huluna ya sami wata. Yanzu tana naɗe mini samsa da safe a zaune, ina biyanta, bai kai rabin kuɗin hula ba.

Gayyar ta yi sati biyu lafiya lau. A na uku bayan matar liman ya riƙe. A na huɗu Zebo ta koma ga tata surukar, wasu uku suka shiga hidimar biki, wata ta daina amsa sallamata. Ban ga laifinsu ba, kowacce da nata nauyin, kuma ba wadda ake biya ko kuɗin sabulu. Auren ɗan Mastura bai ɓaci ba, ta je da kanta ta yi wa matar bayani. Tana zuwa yini uku a mako, tana mita tun daga bakin ƙofa, tana yi. Wata Laraba a sati na biyar, wadda za ta kama mini ba ta zo ba, na leƙa ta katanga na ga Sanobar ta riga ta zura hannu ƙarƙashin Aya. Na yi ihun da sai da karen maƙwabta ya amsa. Ta saki. Amma na san akwai ranar da ba na gida.

Jiya muka koma awo. Likitar ta haska idon ta daɗe tana dubawa, ta ce ba laifi, amma ko bayan sati shidan, nauyi irin wancan ba nata ba ne kuma. Ta tambaya wa ke ɗaga tsohuwar yanzu.

Sanobar ta ce, "Ai muna da yawa."

Mu uku ne: ni, Mastura, da matar ɗana. Uku ba sa rabuwa bibbiyu. A layin bayan masallaci akwai wata Hosiyat da ta yi jinyar mijinta har ya rasu, hannunta ya san aikin, kuma na ji tana neman abin yi. Mastura ta ce in Ergash zai ɗauki rabin kuɗin, ita za ta ɗauki rabi, mutane su faɗi abin da za su faɗa. Na bar wa Ergash saƙo tun safe bai amsa ba. In na sauke samsar azahar zan wuce gidan Hosiyat.